Gyauron Fayin a Niyu Zilan: Yadda Aka Koma Neman Maganin Kashe Abin da Aka Shuka

A shekarar 1913 gwamnatin Niyu Zilan ta kafa hukumar bincike a kan dazuzzuka, saboda hankali ya fara tashi cewa katako na neman ƙarewa. Kafin ɗan Adam ya taka waɗannan tsibirai, daji ya rufe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar. Mutanen Maori sun ƙone wani sashe, Turawan da suka kwararo bayan 1840 suka sare, suka ƙone, suka mai da filayen makiyayar tumaki. Itatuwan ƙasar na asali, irin su kauri da rimu, sai sun ci ɗaruruwan shekaru kafin su isa sara, ba kuwa mai jiran wannan. Shawarar hukumar ita ce a nemo baƙin itatuwa masu saurin girma a shuka su da yawa.

Wanda ya yi zarra a cikin baƙin shi ne wani nau'in fayin, itacen nan mai ganye siriri kamar allura, wanda wasu masu karatu za su san danginsa a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna ko a kewayen Jos. Masana suna kiransa Pinus radiata. A gidansu ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: wurare uku ne kawai a gaɓar tekun Kalifoniya, sai tsibirai biyu na Meziko. Da ya samu ruwa da sanyin Niyu Zilan sai ya miƙe, yana isa sara a cikin shekara 28 ko kusa da haka. An kafa hukumar gandun daji ta ƙasa a 1919, aka ɗauko wani mutumin Kanada, Leon MacIntosh Ellis, ya shugabance ta, kuma a 1925 ya sa burin shuka eka 300,000 cikin shekara goma. An zarce burin ma. Mafi yawan aikin an yi shi ne a filin Kaingaroa, ƙasar tokar aman wuta da manoma suka guje wa domin dabbobi na ramewa a cikinta su mutu. Sai a shekarun 1930 aka gano cewa sinadarin kobal ne ƙasar ta rasa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya warkar da ciwon. Kafin nan fayin ya riga ya mamaye filin. Yau radiyata ne kusan kashi 90 cikin 100 na dajin shuka na ƙasar, wanda faɗinsa ya kai hekta miliyan 1.7 da wani abu.

Tun a wannan zango na farko masu gandun daji suka san gyauro. Duk manomin da ya girbe dawa ya ga tsiron da ke fitowa da kansa da ruwan fari ya san abin da ake nufi. Idan aka sare gandun radiyata, kwanson irin da ya zube yakan buɗe da zafin rana, dubban tsirrai su rufe kowace hekta. A da murna ake yi da wannan, tunda an samu sabon daji ba tare da an biya kuɗin dashe ba. Har a shekarun 1960 wasu sassan Kaingaroa da gyauro aka sake raya su, inda bai fito sosai ba a watsa iri daga jirgin sama.

Abu biyu suka sauya wannan tunani. Na farko annobar wani ƙwaro mai huda itace da ake kira sairas, wadda ta yi ɓarna daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa farkon 1950, ta fi kuma cin gandayen da itatuwa suka cushe ba a rage su ba. Aka koyi cewa cunkoso cuta ne. Na biyu shi ne aikin inganta iri da cibiyar binciken daji ta Rotorua ta fara a shekarun 1950, inda aka zaɓo itatuwa miƙaƙƙu masu saurin girma aka riƙa haɗa su. Da irin da aka inganta ya wadatu, gyauro ya zama kishiya. Mai gandu ya sayi dashe mai tsada, ya jera shi a layi da tazarar da ya auna, sai ga jikokin tsohon dajin, karkatattu masu yawan rassa, sun fito a tsakani suna cin ruwa da haske. Bayan shekara biyu ko uku ma'aikaci ba ya ma iya bambanta wanda aka dasa da wanda ya fito da kansa.

Wuta ce maganin farko. A sare, a bar reshe da ganye su bushe, a cinna musu wuta, ta cinye tsiro da iri gaba ɗaya. Haka aka yi ta yi har shekarun 1980, kafin hayaƙi da haɗarin gobara da asarar takin ƙasa su sa a ja baya.

Magungunan feshi sun shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a nan ne aka ƙulla matsalar da za ta dawo daga baya. Abokin gaban mai gandu a lokacin ba fayin ba ne, ƙayoyi da ciyayi ne, musamman wata ƙaya mai fure rawaya da Turawa suka kawo don shinge ta gagari kowa. Saboda haka abin da kamfanonin sinadarai suka yi ta nema shi ne maganin da zai kashe komai ya bar fayin. Sun kuwa samu. Maganin 2,4,5-T ya yi shekaru yana aikin ƙayar nan, ana sarrafa shi a wata masana'anta a garin New Plymouth har 1987, bayan sauran ƙasashe sun daina saboda gubar dayoksin da ke tare da shi, wadda ta yi ƙaurin suna a yaƙin Biyetnam. Hekzazinon, wanda kamfanin DuPont ya fitar a tsakiyar shekarun 1970 da sunan Velpar, da kuma tabutilazin, ana fesa su kai tsaye a kan jaririn radiyata, ciyawar da ke kewaye ta mutu shi ko gezau. Ga mai neman katako wannan nasara ce babba. Ga wanda zai zo daga baya yana neman kashe fayin, rumbun magungunan da ya gada kusan duk an gina shi ne a kan kada a taɓa itacen.

Shi kansa itacen ba shi da sauƙin kisa. Ganyensa siriri ne, ga wani kaki da ya lulluɓe shi, ɗigon magani yakan gangare ya faɗi ƙasa kafin ya ratsa. Gilaifoset, wanda Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, shi ne dai maganin ciyawan da manomanmu ke goyo a baya kafin shuka, kuma yana cin ƙaramin tsiron fayin idan an ƙara ƙarfinsa. Metsalfuron, wanda ya zo a shekarun 1980, giram kaɗan yake buƙata a hekta. Abin da ya haɗa su suka zama makami na gaske shi ne wani sinadarin silikon da masu bincike a Rotorua suka gano amfaninsa a tsakiyar shekarun 1980, wanda ke sa ɗigon ruwa ya baje a kan ganye ya shige ta ƙofofin numfashinsa. Daga nan tsarin da ake bi har yau ya zauna: a sare gandu, a bar shi gyauro da ciyawa su fito su nuna kansu, a fesa gaurayen nan daga helikwafta a ƙarshen bazara, wato wajen Fabrairu ko Maris a can, a jira ƙarfin metsalfuron ya ragu a ƙasa, sannan a yi dashe da hunturu. Dabarar duka a lokacin take. Wanda ya yi gaggawar fesawa kafin iri ya gama tsirowa ya yi asarar kuɗinsa, domin sauran za su fito bayan ya dasa, a lokacin kuwa ba wani magani da zai bambance fayin da fayin. Sai dai a sa mutane da adda da almakashin reshe.

Wannan gyauron cikin gandu ke nan, kuma a iya cewa an shawo kansa. Wanda ya tsallake shinge shi ne ya zama babban labari.

Ba radiyata kaɗai aka shigo da shi ba. A wuraren da sanyi ke kashe shi an shuka wani ɗan'uwansa daga yammacin Amurka ta Arewa, Pinus contorta, ko kontota a taƙaice. An dasa shi a Karioi, a gindin dutsen Ruapehu, tun ƙarshen shekarun 1920. Bayan dokar kare ƙasa da koguna ta 1941 kuma sai ya samu sabon aiki. Masana na wancan zamani sun kalli gangaren tsaunukan Tsibirin Kudu, suka ga tsakuwa tsirara na zubowa, suka yanke cewa ƙonawa da kiwo ne suka jawo zaizayar, kuma itace ne zai tsai da ita. Aka yi ta gwaji a Craigieburn, aka dasa kimanin hekta 250 a Mid Dome daga shekarun 1950 zuwa 1980, a tsaunukan Kaweka da wasu kwaruruka na Marlborough ma daga jirgin sama aka riƙa watsa irin. An zaɓi kontota ne domin yana jure sanyi, yana tsiro a kan tsakuwa, yana haihuwa da wuri. Waɗannan halaye ukun su ne ainihin abin da ake kuka da shi yau. Ƙarin takaici, binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa yawancin wannan tsakuwa ta daɗe a haka tun kafin tunkiya ta farko ta sauka a ƙasar.

Kontota kan fara ba da iri tun bai kai shekara goma ba, wani lokaci ma da shekara biyar ko shida. Irin ƙarami ne mai fiffike, kuma iskar arewa maso yamma da ke kaɗawa a waɗannan tsaunuka takan ɗauke shi kilomita da yawa. Itace ɗaya a kan ƙoƙuwar tudu ya isa ya cika kwarin da ke ƙarƙashinsa. Yana kuma hawa sama da iyakar da itatuwan ƙasar ke tsayawa, ya shiga filayen ciyawar tosok da ba su taɓa sanin inuwa ba. Akwai wani abokin tafiyarsa da ba a gani: saiwar fayin ba ta aiki sai da wasu nau'o'in laimar kwaɗi da ke manne mata, su ma baƙi ne, kuma masu bincike sun samu ƙwayoyinsu a kashin barewar Turai da wasu dabbobin da aka shigo da su. Baƙo ne ke share wa baƙo hanya.

Gargaɗi bai yi ƙaranci ba. A 1967 wani masanin daji, Udo Benecke, ya wallafa maƙala a kan yiwuwar kontota ya zama ciyawa mai cutarwa, kuma a wancan lokaci masu aikin sa-kai daga ƙungiyoyin hawan dutse suka fara zuwa gandun Tongariro suna tuge tsiron da hannu, yayin da sojoji ke fama da shi a filin atisayensu na Waiouru. Amma hannun dama na gwamnati na tugewa, na hagu na ci gaba da shukawa. Sai a 1983 aka sa kontota a jerin ciyayi masu cutarwa, sai kuma 2001 aka haramta sayar da shi da yaɗa shi gaba ɗaya.

A tsakanin nan abubuwa uku suka faru da ba wanda ya haɗa su da fayin a lokacin. A 1984 gwamnati ta fara janye tallafin noma, tumakin da suka kai miliyan 70 a 1982 suka yi ta raguwa har suka koma ƙasa da miliyan 26. Tunkiya kuwa ita ce ke cinye tsiron tun yana ɗan yatsa. A 1987 aka rushe hukumar gandun daji, aka raba aikinta, aka kafa ma'aikatar kare muhalli ta DOC, gandayen gwaji da na hana zaizaya suka zama marayu, ba mai cewa nasa ne. A 1997 kuma wasu manoma suka shigo da ƙwayar cutar kashe zomaye ta bayan fage, zomaye suka ragu, bakin da ya rage yana cin tsiro shi ma ya tafi. A yankin Mackenzie, filayen da a hotunan shekarun 1990 ake ganin itace ɗai-ɗai sun zama duhun daji cikin shekara goma sha wani abu.

Aikin hannu yana da iyaka. Tsiro ƙarami a tuge shi, matsakaici a yanke shi, amma dole a yanke ƙasa da reshe na ƙarshe mai ɗanyen ganye, in ba haka ba ya sake tohowa. A gangaren dutse mai tsakuwa wannan ba wasa ba ne. Manyan itatuwa da ke cikin dajin asali, inda kayar da su zai farfasa na kewaye, ana huda gindinsu da inji a zuba gilaifoset ko metsalfuron a ramukan, su mutu a tsaye. Haka aka yi wa dubban radiyata a gaɓar Marlborough. Amma inda itatuwa suka cushe har mutum ba ya iya ratsawa, sai feshi daga sama, kuma a nan ne aka sha kunya shekara da shekaru. An gwada daikwat, wanda ke ƙone ganye cikin kwanaki. Daji ya yi ja, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto, bayan shekara biyu ya koma kore shar, domin maganin bai shiga jikin itacen ba.

Sauyin ya zo ne wajen 2010, daga haɗin gwiwar cibiyar Scion, wato tsohuwar cibiyar Rotorua, da ma'aikatar DOC, inda sunayen Stefan Gous da Peter Raal suka fi fitowa. Sun bar magungunan da ke ƙona ganye suka koma ga masu bin jijiyar itace su rikita girmansa, suka haɗa huɗu wuri ɗaya: tiraikulofir, daikamba, fikloram da aminofiralid. A takarda ana kiran gaurayen TDPA, ma'aikata kuwa suna ce masa Lucifer. Sun kuma gano cewa yawan ruwan da ake fesawa yana da muhimmanci kamar ƙarfin maganin. Sai an zuba lita ɗaruruwa a kowace hekta, da manyan ɗigo da iska ba ta kwashewa, kafin ya jiƙe itacen daga kai har ƙananan rassa, tunda reshe ɗaya da ya tsira ya isa ya raya shi. Ba ya kuma nuna aikinsa da wuri, sai an yi shekara ɗaya zuwa biyu kafin a tabbatar da mutuwa.

Dabara ta biyu ta fi burge ni, domin ita ce ta dace da yadda matsalar take a zahiri. Mafi yawan ƙasar da fayin ya shiga ba duhun daji ba ce, itace ɗaya ne nan, wani can bayan tudu. Sai aka narka tiraikulofir a cikin mai, wanda ke ratsa ɓawo. Helikwafta ya tsaya a saman itacen, ma'aikaci ya miƙa doguwar sanda ta ƙofa ya tsiyaya maganin a kan tsakiyarsa, ya gangara gangar jikinsa, na'ura ta rubuta wurin, a wuce na gaba cikin daƙiƙoƙi. Itacen da a da sai mutum biyu sun yi rabin yini suna hawa kafin su kai gare shi, yanzu ba a ma sauka. Maganin da ke zuba a ƙasa kaɗan ne ƙwarai.

Samun makamin ne ya ba gwamnati ƙarfin halin sa kuɗi. An fitar da tsarin ƙasa na 2015 zuwa 2030, aka kuma ƙiyasta cewa gyauron ya shafi hekta miliyan 1.8, wato ya kai faɗin dajin shukar da aka dasa da gangan, kuma yana ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin 100 a shekara. A 2016 aka ware dalar Niyu Zilan miliyan 16 na shekara huɗu, a 2019 aka ƙara miliyan 21, a 2020 kuma, cikin shirin samar da aikin yi na lokacin korona, aka ware miliyan 100. A shekarar ce gobara ta tashi a Pukaki Downs a watan Agusta, wata kuma a tafkin Ohau a Oktoba, wadda ta cinye kusan hekta 5,000 da gidaje 48, kuma gyauron fayin na cikin abin da ya ciyar da wutar. Kamfanonin wutar lantarki da masu noman rani su ma suna da nasu dalilin: gwajin Glendhu a Otago, inda aka dasa fayin a wani kwari aka bar na kusa da shi da ciyawarsa, ya nuna ruwan da ke gangarowa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Feshin bai zo kyauta ba. Gaurayen huɗun nan ba ya tambayar asalin itace, duk wani tsiro mai faffaɗan ganye da ya samu a ƙarƙashi ya tafi da shi. Binciken Scion ya samu ragowarsa a cikin busasshen ganyen da ya zube har kimanin shekara biyu bayan feshi. Kuma abin da ke maye gurbin fayin sau da yawa ba tosok ɗin da aka rasa ba ne, baƙuwar ciyawar kiwo ce, domin itacen ya riga ya sauya ƙasar. A Queenstown da Arrowtown akwai mazauna da ba sa son ganin gawawwakin itatuwa masu launin toka a kan tsaunin da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto, akwai kuma waɗanda ke cewa a zamanin ɗumamar yanayi wauta ce a kashe itacen da ke shan iskar kabon kyauta. Hujjarsu ba ta banza ba ce, amma a ganina ba ta yi la'akari da cewa wannan dajin ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya ba.

Raunin da ya fi girma ba na sinadari ba ne. Magani yana kashe itace, ba ya kashe irin da ke ƙasa. Sa'ar da aka yi ita ce irin fayin ba ya daɗewa, 'yan shekaru ne ya mutu, don haka idan aka dawo bayan kamar shekara uku, aka sake dawowa, kafin sabon tsiro ya kai haihuwa, ana iya raba wuri da shi har abada. Idan aka tsallake zagaye ɗaya kuwa, kuɗin farko sun bi ruwa. Bayan miliyan 100 ɗin nan, kason shirin ya koma kimanin miliyan 10 a shekara, kuma ƙungiyoyin da ke aikin a Mid Dome da Wakatipu da Mackenzie sun yi ta faɗa a fili cewa wannan ba zai riƙe ko filin da aka riga aka share ba.

Sannan ga uwar irin. Kontota an haramta shi, amma Douglas fir, wani baƙon itacen da katakonsa ke da daraja a gini, ana ci gaba da dasa shi, shi kuwa yana jure inuwa, yana kutsawa har cikin dajin asali. Tun 2018 doka ta wajabta wa mai son kafa sabon gandu ya auna haɗarin yaɗuwar iri, da ma'aunin da ya samo asali daga aikin Nick Ledgard, wanda ya yi shekaru yana bin sawun iska da iri a tsaunukan nan. Dokar ba ta taɓa tsofaffin gandaye ba. A bayan Arrowtown akwai ɗaya daga cikinsu, dajin Coronet, kimanin hekta 172 na Douglas fir da ƙananan hukumomi suka dasa tsakanin 1984 da 1996 don su ci riba. Majalisar gundumar Queenstown ta lissafa abin da za ta samu idan ta jira itatuwan suka cika, ta lissafa abin da feshin 'ya'yansu zai ci a tsaunukan kewaye, sai ta sa aka fara sare dajin a 2020, shekaru kafin lokacinsa, ana maye gurbinsa da itatuwan ƙasar na asali.